Wa Ya Yi Mata? Ciwon Laka da Neman Mai Laifi

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon fina-finanmu ne ko karatun littattafan marubutanmu, na tabbata ka sha cin karo da wannan fitowa. Amarya ce a ɗakinta, ko kuma mai jego, ta kwanta lafiya lau. Da asuba ta yunƙura za ta tashi alwala, ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Ta ƙwalla ƙara, gida ya cika. Kafin ka ce kwabo darakta ya juya kyamara zuwa tagar uwargida, an nuno ta tana murmushin mugunta, daga nan kuma a hasko boka a gindin tsamiya da jan ƙyalle yana ɓaɓɓaka dariya. Shi ke nan, an gama shari'a. Wani zubin kuma mugun Alhaji ne da ya cinye dukiyar marayu, sai a ƙarshen labari a turo shi a keken guragu, 'yan kallo su yi ajiyar zuciya su ce alhaki kuikuyo ne.

Tun daga zamanin kaset har zuwa yau da ake kallon fim mai dogon zango a waya, shanyewar jiki a labaranmu ma'ana biyu gare ta: ko dai an yi wa mutum, ko kuma shi ya jawo wa kansa. Tambayar da nake so mu tauna tare a wannan wata ita ce: idan ciwo ya faɗo wa mutum ba mu san sanadinsa ba, muna da ikon mu cike wannan gurbi da sunan wani? Kuma wa ke biyan farashin idan mun yi hakan?

Bari mu fara da ita kanta lakar. Laka igiya ce ta jijiyoyi da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ramin ƙashin baya. A jikin babban mutum tsawonta kusan santimita 45 ne, kaurinta kuma bai fi na ƙaramin yatsa ba. Duk wani saƙo da ƙwaƙwalwa za ta aika wa ƙafa ta taka, ko mafitsara ta riƙe fitsari, ta nan yake bi; haka kuma duk abin da fata ta ji, zafi ko sanyi, ta nan yake hawa. Jijiyoyin nan suna da riga mai kare su, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. To akwai wasu cututtuka, waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba, da ke sa wani sashe na lakar ya kumbura, rigar ta lalace, saƙo ya yanke. Likitoci na kiran irin wannan kumburi mayalaitis. Idan ya ratsa lakar daga gefe zuwa gefe, ƙiyasin da aka sani shi ne yana kama mutum 1 zuwa 8 cikin kowane miliyan ɗaya a shekara.

Yanzu ka saurari alamominsa, ka gaya mini abin da za a ce a unguwarku. Cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki kaɗan mutum zai ji ciwo a baya, ya ji kamar an zagaye masa ƙirji ko ciki da ɗamara an tamke. Zai ji kamar kiyashi na yawo a ƙafafunsa. Daga nan ƙafafun su yi nauyi, su mutu, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba. Babu faɗuwa, babu haɗarin mota, babu rauni ko ɗaya a jiki. Mara lafiya da bakinsa yake cewa an ɗaure shi, yana cewa wani abu na tafiya a jikinsa. Yo wa zai ji wannan bai ce jifa ba ne?

Akwai ma wanda ya fi wannan kama da aikin boka a fim. A shekarar 1894 wani likita a birnin Liyon na Faransa mai suna Eugène Devic, tare da ɗalibinsa Fernand Gault, suka bayyana wani ciwo da ke haɗa laka da jijiyar ido, wanda har yau ake kira da sunansa, ciwon Debik. Mai shi kan makance a ido ɗaya ko duka biyun, ƙafa kuma ta shanye. Wani lokaci yakan fara ne da shaƙuwa da amai da suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki, irin wanda a gidajenmu za a ce an ba mutum sammu a abinci. Yakan lafa, bayan watanni ko shekaru ya sake tasowa, mu kuma mu ce an sabunta aikin. Mata ya fi kamawa, kusan tara cikin kowane goma na waɗanda gwajin jini ya tabbatar, kuma yakan tashi a watannin bayan haihuwa. Ya fi yawa a baƙar fata da mutanen gabashin Asiya a kan Turawa. A tsibirin Matinik, inda yawancin jama'a jikokin 'yan Afirka ne, bincike ya gano kusan mutum 10 cikin kowane 100,000 na ɗauke da shi. A nan gida ma, tun a 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun na asibitin koyarwa na Ibadan ya ba da rahoton gomomin masu wannan ciwo. Ka ga ke nan ba ciwon Turawa ba ne da za mu ce bai shafe mu ba. Mace, matashiya, mai jego, ta makance ta gurgunce rana tsaka: wallahi ko marubuci ne ya zauna ya tsara, iyakar abin da zai tsara ke nan.

To wa ya yi mata? Sama da shekara 100 likitoci ma ba su da amsa. Sai a 2004 Dakta Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano wata ƙwayar kariya a jinin masu ciwon, shekara guda bayan nan kuma suka gano abin da take kai wa hari: wata 'yar ƙofar ruwa da ke jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da laka, mai suna akwaforin-4. A taƙaice, garkuwar jiki da Allah ya yi don ta yaƙi cuta ita ce ta ruɗe ta juya wa mai ita. Ba ta da ƙiyayya, ba ta da kishi, ba ta karɓi ko sisi daga hannun kowa ba. A sauran nau'o'in kumburin laka kuwa, wani yakan biyo bayan zazzaɓin ƙwayar cutar bairos, wani kuma a yi duk gwajin duniya ba a ga sanadi ba. A ƙasashenmu akwai ƙarin abubuwan da likita ke dubawa: tarin fuka, ƙanjamau, tunjere, har da tsargiya, wadda ƙwan tsutsarta kan ɓata hanya ya maƙale a lakar yaron da ke wanka a kududdufi ko manomin rani da ke yini cikin ruwa.

Abin da ya sa na tsaya dogon bayanin nan shi ne lokaci. Kumburin laka kamar gobara yake, abin da aka ceto da wuri shi ne riba. Maganin farko allurar sitiroyid ce mai ƙarfi ta jijiya, ta kwana 3 zuwa 5. Idan ba ta yi ba a koma tace ruwan jini da na'ura don a fitar da ƙwayoyin da ke ɓarnar. Kafin nan ana buƙatar hoton MRI, da gwajin ruwan laka da na jini, don a bambance shi da ƙari ko wani abu da ya danne lakar. Daga cikin masu kumburin da ya ratsa laka, an daɗe da lura cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na warkewa sarai ko kusan haka, kashi ɗaya na tashi da sauran rauni, kashi ɗaya kuma na zama da nakasa mai tsanani. Ciwon Debik kuwa, binciken da aka yi kafin a samu ingantattun hanyoyin tare shi ya nuna cewa fiye da rabin masu nau'in da ke maimaituwa sukan rasa ganin ido aƙalla ɗaya, ko su kasa tafiya ba da taimako ba, cikin shekara 5. Yau akwai magungunan hana shi dawowa. Sababbin da Amurka ta amince da su a 2019 da 2020 tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, amma akwai tsofaffi masu rangwame da likitocin jijiya a manyan asibitocin koyarwa ke amfani da su.

Ka ɗora wannan a kan abin da muka saba yi. Makon farko hayaƙi da turare, na biyu a tafi ƙauye wajen mai magani, na uku a tone tsakar gida ana neman laya. Sai gyambon kwanciya ya huda bayan baiwar Allah, fitsari ya fara wari, sannan a ɗauko ta a kai asibiti, a lokacin kuwa kwanakin da suka fi tsada sun riga sun wuce. Wannan ita ce ta farko da ta biya farashin zato. Ta biyu kuwa ita ce wadda aka ambaci sunanta: kishiya, ko uwar miji, ko tsohuwar da ke maƙwabtaka wadda ba ta da mai tsaya mata. Aurenta na iya mutuwa, 'ya'yanta su tashi ana nuna su da baki, 'yan uba su gaji gabar da ba su san asalinta ba. Ciwo ɗaya, gida biyu sun rushe.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne da wannan hali. Joey Jordison, fitaccen makaɗin ganga na ƙungiyar mawaƙan Slipknot a Amurka, ya rabu da ƙungiyar a 2013. Sai a 2016 ya fito ya bayyana cewa kumburin laka ne ya kashe masa ƙafafu, har ta kai ana ɗaukarsa a kai shi dandali, kuma a cewarsa an zaci ƙwaya ce yake sha. Victoria Arlen kuwa tana da shekara 11, a 2006, kumburin laka da na ƙwaƙwalwa suka kama ta, da farko aka ɗauka damuwa ce kawai irin ta yara. Ta yi kusan shekara 4 ba magana ba motsi, daga baya ta farfaɗo har ta ci lambar zinare a ninƙaya a gasar nakasassu ta duniya a Landan a 2012. Su can babu boka a lissafinsu, amma hukuncin iri ɗaya ne: ko kai ka jawo, ko ƙarya kake. Mu ma ai muna da namu: a ce wa mace kwainane ne, ko neman a tausaya mata take yi.

Me ya sa ɗan Adam bai iya jure wa ciwon da ba shi da mai laifi? A ganina dalili uku ne. Na farko, ciwon da ke da mai laifi yana ba ka abin yi. Akwai wanda za ka tsana, akwai inda za ka kai ƙara, alhali zaman jiran sakamakon gwaji ba ya ba ka komai sai fargaba. Na biyu, yana kwantar wa masu lafiya hankali. In dai kishiya ce ta yi, ni da ba ni da kishiya na tsira. In alhakin marayu ne, ni da ban ci ba na kuɓuta. Amma ka ce ciwon na iya faɗo wa kowa, mai salla da marar salla, ai ka hana kowa barci. Na uku shi ne ƙarancinsa. Zazzaɓin cizon sauro kowa ya san shi, ba wanda ake zargi da shi. Ciwon da gari guda zai shekara 20 bai gani ba, ba shi da suna a bakin jama'a, kuma inda ciwo ya rasa suna, sunan mutum ake maƙalawa a wurin.

Marubuciyar nan ta Amurka, Susan Sontag, wadda ita kanta ta yi fama da ciwon daji, ta wallafa littafi a 1978 a kan yadda adabi ke ɗora wa cuta ma'ana. Abin da ta lura shi ne cututtukan da ba a san sanadinsu ba su ne aka fi jingina wa halin mutum, kuma tarin fuka ya daina zama abin surkulle a adabin Turai bayan an san ƙwayar cutarsa, wadda Robert Koch ya gano a 1882, aka kuma samu maganinsa. Mu ma muna da shaida a cikin harshenmu. Ka tsaya ka dubi kalmar shan-inna. Kakanninmu sun ga yaro ya kwana da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta shanye, suka ce Inna ce, aljanar nan ta bori, ta shanye ta. Yau mun san ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki daga gurɓataccen ruwa ko abinci, ta haura ta ƙona jijiyoyin laka a wajen yaro 1 cikin 200 da suka kamu. Zato ya sake shiga tsakani a 2003 da aka dakatar da rigakafi a Kano, aka dawo da shi a 2004. Da aka dage, a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar na asali. Ɗigon magani a bakin jarirai ne ya yi wannan aiki.

Na san abin da ke bakinka, mai karatu. Za ka ce, to malam, kai ba ka yarda akwai sihiri ba ke nan? Alƙur'ani ya ambaci sihiri, ba ni da ja a nan. Sai dai samuwar abu daban, tabbatar da cewa wance ce ta aikata shi daban. Akwai sata a duniya, amma ba alƙalin da zai yanke wa mutum hukunci don kawai an yi sata a unguwarsu kuma ba ya shiri da mai kayan. Wace shaida muke da ita a kan uwargida? Maganar boka, wanda addinin ma ya hana a je wurinsa? Mafarki? Ko sambatun mara lafiya da zafin ciwo ya gigita? Suratul Hujurati ta ja mana kunne a kan yawan zato, Bahaushe ma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Masu cewa ruwa ba ya tsami banza sun faɗi gaskiya, komai da sanadinsa. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa dole sanadin ya zama mutum mai mugun nufi. Sannan addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Ana iya tofa wa mara lafiya ayoyi a kan gadon asibiti allura na shiga jijiyarsa, amma allurar makon farko ba a iya ɗage ta zuwa wata na uku.

Shi kuma zancen alhaki, mu tuna Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya yi doguwar jinya ba don ya zalunci kowa ba. Azzalumai nawa ka sani da suka mutu da ƙafafunsu garau, salihai nawa suka ƙare a kwance? Duk lokacin da muka yi amfani da keken guragu a matsayin sakayyar mugu, akwai wani bawan Allah da ke kallon fim ɗin daga kan irin wannan keke, tare da 'ya'yansa. Me muka gaya musu game da ubansu? Abin mamaki ma, mu ne masu yawan faɗin ƙaddara. Imani da ƙaddara kuwa ya haɗa da yarda cewa abu na iya samunka ba tare da hannun wani mahaluki ba. Ba ya yiwuwa baki ya ce haka Allah ya so, zuciya kuma tana lissafin wanda ya shigo ɗaki ranar Talata.

Furodusa zai ce fim ba ajin koyon likitanci ba ne, labari sai da mugu, kasuwa kuma abin da take so ke nan. Gaskiya ne ba a zo kallo don a ji lacca ba. Amma fim na koyarwa ko ya so ko bai so ba. Yarinyar da ta ga wannan fitowa sau 50 kafin ta yi aure, ranar da ƙafar ƙanwarta ta mutu ta riga ta san inda za ta dosa, kuma ba asibiti ba ne. Ka dubi ma yadda ake ƙare irin waɗannan labarai: a tono layar, a ƙona, nan take mara lafiya ta miƙe tsaye da gudu. Darasin da ke ciki shi ne duk wanda bai miƙe ba, tasa layar ce ba a gano ba tukuna. Da haka iyali za su shekara goma suna neman mai laifi, maimakon su koyi juya majinyaci duk bayan sa'a biyu don kada gyambo ya kama shi, da kula da robar fitsari, da kai shi gashi da motsa gaɓoɓi, wanda amfaninsa kan ci gaba da bayyana har zuwa shekara 2.

Kuma wa ya ce in an cire boka labari ya mutu? Ga miji da za a ce ya kawo kuɗin hoto da na magani, ba shi da komai sai filin gado. Ga dangin amarya sun cika gida suna harare-harare, ga uwargida ita ce ke wanke mata jiki da tsakar dare, ta san sarai abin da ake faɗi a kanta. Ga likita da ya san maganin amma ya san aljihun mutanen. Ga ita kanta majinyaciyar, da hankalinta da iliminta da son mijinta, tana koyon sabuwar rayuwa a zaune, tana jin ana shawarar makomarta a bayan labule kamar ba ta nan. Zai zauna ko zai gudu? Za su nemi gafarar wadda suka zarga? Haba marubuta, a nan fa ake gane mutumin kirki da na banza, kuma mai kallo bai isa ya ce ya san ƙarshen tun daga farko ba.

Don haka, mai karatu, ga abin da nake ganin hakki ne a kanmu. Idan wani naka ya wayi gari ƙafa ta yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, ko gani ya dushe farat ɗaya, a kai shi babban asibiti a ranar, a nemi likitan jijiya, addu'a kuma ta bi shi can. Idan aka kawo maka sunan wani a matsayin wanda ya yi, ka tambayi hujja, in babu ka kama bakinka, kada ka zama mai kai maganar gaba. In kuwa alƙalami ne a hannunka ko kyamara, ka tuna akwai gidan da zai yi aiki da abin da ka nuna a ranar da ba su da lokacin yin kuskure. Cewa ba mu san sanadi ba tukuna magana ce mai nauyi a baki, amma ba ta taɓa raba aure ba, ba ta kuma taɓa hana kowa magani ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya kuma tsare harsunanmu daga ɗaukar alhakin bayinsa, amin.